Zinaren Matan Angola a Birnin Akra

Kakanninmu sun san hanyar Gana tun kafin a raɗa mata wannan suna. Ayarin fatake kan taso daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ratso ƙasashenmu na yamma, ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya keta Borgu har ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja, ya juyo da goro. Tafiyar watanni ce. Yau mutumin Kontagora da ya nufi can, kudu yake yi: Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Badun, Legas. Daga nan ya bi gaɓar teku, ya tsallake iyakar Seme ya faɗa Kwatano, ya wuce Lome, ya shiga Gana ta Aflawo. Wannan hanya na bi a watan Maris na 2024, kuma abin da ya ɗaga ni daga gida shi ne ƙwallon hannu na mata.

Gana ce ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na 13. A takarda sunansu wasannin 2023, amma shiri bai kammala a kan kari ba, sai aka ɗaga su zuwa shekarar da ta biyo. An buɗe ranar 8 ga Maris a filin wasa na Jami'ar Gana da ke Legon, aka rufe ranar 23. Ƙasashe fiye da 50 suka turo matasansu, masu tsere da masu kokawa da 'yan dambe da masu ninkaya. Ni aikina a gida koyar da motsa jiki ne a wata makarantar 'yan mata, kuma ƙwallon hannu na cikin abin da nake koyarwa. Na daɗe ina jin sunan matan Angola a bakin masu horarwa, ana ambatonsu da girmamawa. Na so in ga wannan wasa da idona a hannun waɗanda suka fi kowa iya shi a nahiyarmu.

Saukar zango

Wanda ya iya Hausa ba ya ɓata a Akra. Nima, Mamobi, Madina, Fadama, da Sabon Zango wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, duk unguwanni ne da za ka yi ciniki ka yi tambaya ka yi sallama da harshenka na gida. Ba duka mazaunansu ne Hausawa ba. Akwai Dagomba da Zabarmawa da Mosi da Fulani da Wangarawa da Yarbawa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci da wajen suna da biki. A Nima na sauka, gidan wata Hajiya mai sayar da atamfa wadda wasu 'yan kasuwar garinmu suka haɗa ni da ita. Ina ajiye jaka ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, nan gidanki ne. Baƙon azumi alheri ne Allah Ya aiko mana."

Azumi ya kama kwanaki kaɗan bayan buɗe wasannin, don haka Akra da na gani Akra ce ta watan Ramadana. Da la'asar sakaliya titunan Nima kan cika da ƙamshin ƙosai da hayaƙin gasa nama. Ana kiran magariba sai ga koko mai yajin citta da kanumfari, ga wake da shinkafa da aka dafa da ganyen dawa har suka yi ja, an zuba musu baƙin yaji da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai, ga tuwo da miyar ayoyo. Maƙwabta na aika wa juna kwano, har da waɗanda ba Musulmi ba. Bayan isha'i muka riƙa zuwa asham a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkawa, mai hasumiya huɗu da ƙubbobi jere da juna. Sashen mata kan cika maƙil, tsofaffi da 'yan mata, kowa da dardumarta.

Abin da ya fi kwanta mini a rai game da mutanen Gana shi ne natsuwarsu da juna. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya haura shekara ɗari, kuma Musulmi da Kirista duk da ladabi suke ambatonsa. A 2019, da ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ya gaisa da su, aka yi ta labarin a duniya. Wannan hali ya sauko har kan titi. Kwandastan ƙaramar motar haya da suke kira turoturo yakan jira tsohuwa ta zauna kafin ya buga wa direba. Matasan da suka ba da kansu don yi wa baƙin wasanni hidima kan raka ka har ƙofar da kake nema, su juya ba su jira ko sisi ba.

Zauren Borteyman

Ƙwallon hannu a Borteyman aka buga shi, wani sabon rukunin filayen wasa da gwamnatin Gana ta gina a gabashin birni, wajen hanyar Tema, aka ƙaddamar da shi gab da fara gasar. A ciki akwai tafkin ninkaya na gasa, da filayen tanis, da zaurukan wasannin cikin ɗaki. Zauren da aka ware wa ƙwallon hannu ba wani babba ba ne, kuma wannan ya yi wa mai kallo daɗi, domin kujeru na kusa da fili. Kana jin ƙarar takalmi a kan daɓe, kana jin numfashin 'yan wasa, kana jin kiran da suke wa juna.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, ga yadda wasan yake. Fili mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi. Kowane ɓangare mutum 7 ne, ɗaya a raga, shida a fili. Raga mita 3 ce a faɗi, 2 a tsayi, kuma a gabanta an zana baka mai nisan mita 6 wanda babu mai taka cikinsa sai mai tsaron gida. 'Yar wasa ba ta wuce taku 3 da ƙwallo a hannu sai ta buga shi a ƙasa ko ta miƙa, ba ta kuma riƙe shi fiye da daƙiƙa 3 tana tsaye. Ana minti 30, a huta, a sake minti 30. Alƙalai biyu ne ke busa. Wadda ta yi ture mai muni sai a fitar da ita na minti 2, 'yan uwanta su yi ta fama da ragin mutum ɗaya. Wadda aka hana cin ƙwallo da ƙeta sai a ba ƙungiyarta jifa daga mita 7, ita da mai tsaron gida ido da ido. Ana canjin 'yan wasa a kowane lokaci ba tare da tsai da agogo ba, shi ya sa wasan ba ya sanyi. Manyan 'yan wasa kan shafa danƙo a yatsu don ƙwallon ya zauna a hannu ɗaya.

Masu masaukin baƙi ba su da ƙarfi a wannan fanni, kuma 'yan kallonsu sun sani. Duk da haka suka zo da ganguna da tutoci, suka yi ta waƙa suna rausaya. Idan 'yarsu ta ci ƙwallo ɗaya sai zauren ya ɗauka da sowa. Idan baƙuwa ta yi abin bajinta, ita ma su tafa mata. Na ga iyaye maza sun zo da 'ya'yansu mata ƙanana sun ɗora su a cinya suna nuna musu fili. Na ga malamai sun shigo da ɗalibai cikin kayan makaranta. Babu wanda na ji ya jefi 'yar wasa da baƙar magana don ta kasance mace. Kallon masu sana'a ake musu.

Yadda matan Angola ke wasa

Tun daga motsa jini ake gane su. Sukan shigo tare, su jeru, kowace ta san gurbinta da abin da ke biye. Babu mai waige-waige, babu mai jiran a yi mata tsawa. Masu tsaron gida na gefe guda ana jifansu ta sama da ƙasa da kusurwa, bi da bi, har jikinsu ya saki. A kan benci akwai mai duba lafiya da jakarsa, akwai mai rubuta duk abin da ya faru a fili. Kafin a busa usur ka riga ka san wannan ƙungiya ba jiya aka tara ta ba.

Ƙarfinsu na farko a tsaron gida yake. Su shida kan jeru a bakin layin mita 6, hannuwa a sama, ƙafafu ba sa tsayawa. Ƙwallo ya yi dama su yi dama, ya yi hagu su yi hagu. Idan ɗaya ta fito ta tari mai shirin jifa, ta kusa da ita ta riga ta toshe gurbin da ta bari, da ta koma kuma wata ta fita, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya, taɓarya na tashi wata na sauka ba a taɓa karo. Abokan hamayya kan yi ta zagaye suna neman ƙofa har alƙali ya ɗaga hannu alamar sun daɗe ba su kai hari ba, dole su yi jifan da ba su shirya ba. Nan mai tsaron gida ke jira.

Da ta cafke sai wasa ya juya cikin ƙiftawar ido. Kafin ta ɗago kai 'yan gefe biyu sun riga sun kai tsakiyar fili da gudu. Jifa ɗaya mai tsawo, ƙwallo ya sauka a hannun mai gudu ba tare da ta rage sauri ba, ta yi taku uku, ta yi tsalle ta ratsa saman da'irar da ba a takawa, ta tsaya a iska har mai tsaron gidan can ta motsa, sannan ta saki. In kuwa an tare wannan hanya sai su natsu su ɗinka hari a hankali. Akwai wadda ke tsayawa a tsakiyar masu tsaron bayan abokan hamayya, ta ba raga baya, ana turinta ana riƙe ta, ita kuwa tana buɗe wa 'yan uwanta hanya da kafaɗa. Ƙwallo ya zo mata ta ƙasa ko ta bayan wani, ta cafe da hannu ɗaya, ta juya tana faɗuwa ta jefa. Aiki ne mai ciwo, kuma ban ga wadda ta yi shi tana ɓata rai ba.

Abu biyu suka fi tsaya mini. Na farko, idan koci ya fitar da 'yar wasa ya sa wata, wasan ba ya raguwa. Ta benci ta san abin da ta fili ta sani. Na biyu, ladabinsu. Wasan nan na gogayyar jiki ne, ana faɗuwa ana gurjewa, amma wadda ta ka da ke ita ce za ta miƙo hannu ta tashe ki. Alƙali ya busa, ko da hukuncin bai yi musu daɗi ba, su ajiye ƙwallo a ƙasa su koma gida da gudu. Ƙarfin da wasu ke ɓatawa wajen gardama su a tsaro suke zuba shi.

A wasan ƙarshe sun haɗu da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, maƙwabciyarsu, ƙungiya mai dogayen mata masu ƙarfin jifa. Matan Kwango sun yi iya yinsu, magoya bayansu ma ba su yi shiru ba, amma tazara ta yi ta buɗewa har ta zama ba ta kamuwa. Angola ta ɗauki zinare, Kwango azurfa, Kamaru tagulla. Da aka ɗaga tutar nan mai ja da baƙi ana taken ƙasarsu, suka riƙe kafaɗun juna suna rerawa, sai na ji idona ya ciko. Ba ƙasata ba ce, amma 'ya'yan nahiyata ne, kuma na ga aikin da aka yi shi da gaskiya ya kai inda ake so.

Tushen abin

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan zinare shi ne na biyar a jere da matan Angola suka ɗauka a Wasannin Afirka: Aljiyas a 2007, Maputo a 2011, Barazabil a 2015, Rabat a 2019, sai Akra. Rabon da wata ƙasa ta raba su da shi tun 2003 a Abuja, inda Kamaru ta yi nasara. A gasar cin kofin Afirka kuwa, sun fara ɗauka a 1989, suka riƙe shi ba yankewa daga 1998 zuwa 2012, Tunisiya ta karɓa a 2014, suka ƙwato a 2016. A ƙarshen 2024 a Kinshasa suka doke Senegal suka ɗauka karo na 16. Tun Atlanta a 1996 babu gasar Olimfik da aka yi ba su je ba. A gasar duniya ta 2007 a Faransa sun zo na 7, a Riyo ta Birazil a 2016 suka doke Romaniya da Montenegro suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. 'Yan wasa irin su Marcelina Kiala sun yi suna har a Turai.

A tuna kuma wace ƙasa ake magana. Angola ta sami 'yanci daga Fotugal a 1975, ta faɗa yaƙin basasa wanda bai ƙare ba sai 2002. Kofinsu na farko ana tsakiyar yaƙi suka ɗauko shi. Abin da ya riƙe wasan shi ne manyan ƙungiyoyi biyu na birnin Luwanda: Petro de Luanda, mai jingine da kamfanin man fetur na ƙasa, da Primeiro de Agosto, mai jingine da rundunar soja. Kowace na da masu horarwa na dindindin da rukunin yara masu tasowa, kuma hamayyar da ke tsakaninsu ta sa babu mai sakewa. Petro ta shafe fiye da shekara goma a jere tana ɗaukar kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka tun daga ƙarshen shekarun 1990, daga 2014 Primeiro de Agosto ta karɓa ta ɗora. Yarinya kan shiga tun tana ƙarama, ta taso tana ganin yayyenta na cin abinci da wannan sana'a, ta san in ta yi haƙuri akwai inda za ta kai. Ranar da aka kira ta ƙungiyar ƙasa, da waɗanda ta saba wasa tare ko gaba da gaba za ta haɗu. Wancan tsaro da na gani a Borteyman shekaru ne suka gina shi.

Wani dare bayan shan ruwa ina ba Hajiya labari, jikarta 'yar shekara goma sha wani abu tana gefe tana saurare. Hajiya ta ce, "Malama, mu a zamaninmu yarinya ta yi gudu a titi sai a ce ba ta da kunya. Yanzu ga shi muna gani a talabijin." A makon ne 'yan matan Gana suka doke na Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a Kef Kwas, kuma wadda ta ci ƙwallon nasara ita ce Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, Musulma, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2018. Duk zango sunanta ake kira. Yarinyar ta matso ta ce, "Anti, ana iya yin naku wasan da hijabi?" Na ce mata ana yi. Matan Iran sun buga gasar duniya ta 2021 a Sifaniya da ɗankwali da dogon hannu da dogon wando, har aka zaɓi mai tsaron gidansu, Fatemeh Khalili, gwarzuwar wasansu da Norway, 'yan Norway ɗin suka kewaye ta suna taya ta murna. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "To, in da sutura da karatu, ni ban ga aibu ba."

Mu fa?

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Legas aka kafa hukumar ƙwallon hannu ta Afirka a 1973, lokacin da muka karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na 2. A 1991 a Alƙahira matanmu suka ɗauki kofin Afirka, suka raba Angola da kambun da ta ci a 1989. A 1992 su suka wakilci nahiyar a Olimfik ta Barsalona, cikin ƙasashe 8 kacal. Tun daga nan ba mu sake komawa ba. Shekarun da Angola ta yi tana ɗora tubali a kan tubali, mu mun yi su muna tara 'yan wasa idan gasa ta matso, mu sallame su idan ta wuce. A Akra Najeriya ta zo ta biyu a jerin lambobi bayan Masar, mazanmu na ƙwallon hannu suka samo tagulla, abin farin ciki. Amma a dandamalin mata babu tutarmu.

Iri bai ƙare ba. Akwai Safety Babes ta hukumar kiyaye haɗurra, akwai Plateau Peacocks ta Jos, akwai Grasshoppers ta Owerri mai tsohon tarihi, akwai Rima Queens ta Sakkwato wadda ta nuna 'yar Arewa na iya wannan wasa. A jiharmu ta Neja, Niger United ta Minna tana cikin ƙungiyoyin maza mafiya suna a ƙasar nan, wato masana wasan na nan kusa da mu. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa hanya daga filin makaranta zuwa irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a bar ta a buɗe kowace shekara.

Na san halin da muke ciki. 'Yan bindiga sun sa makarantun kwana da dama a yankinmu sun sha rufewa, iyaye na cikin fargaba, kuɗi ya yi wuya. Mai cewa wasa ba shi ne a gaba ba yana da hujja. Amsata ita ce abin da na gani: ƙasar da ta yi shekara 27 cikin yaƙi ba ta jira ƙarshensa ba kafin ta ba 'ya'yanta mata fili. Kuma cikin wasannin ƙungiya kaɗan ne suka kai wannan sauƙin kuɗi. Fili mai mita 40 da 20 yana shiga cikin katangar kowace makarantar 'yan mata a Kontagora, inda babu idon maza. Maƙerin walda na bakin kasuwa zai haɗa raga biyu, toka ko farar ƙasa ta isa zana layi, ƙwallaye kaɗan sun isa aji guda. Dokokin wasan na zamani ma, da aka rubuta su a Balin ta Jamus a 1917, don mata aka fara tsara su. Yarinyar da ta saba tsayawa a layi tana kare gurbin 'yar uwarta, ta saba karɓar hukuncin alƙali, ta saba faɗuwa ta tashi, ta sami tarbiyyar da za ta amfane ta a aji da ɗakin aure da wajen aiki, ko da ba ta taɓa sa rigar ƙasa ba. Ga lafiyar jiki, wadda mata ke buƙata fiye da yadda muke faɗa.

Don haka roƙona ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da masu hali na masarautar Sarkin Sudan shi ne a kafa gasar ƙwallon hannu ta makarantun 'yan mata, daga Kontagora da Wushishi da Rijau da Mariga da Magama da Mashegu, a riƙa yin ta kowace shekara da rana tsaka, da sutura cikakkiya, malamai mata na kula, iyaye mata na kallo. Babbar makarantar horar da malamai ta tarayya da ke garinmu za ta iya ba mu matasan da za a koya wa horarwa da alƙalanci. A gayyato masana daga Minna su duba masu hazaƙa. Kada a fara da babban biki a watse. A fara da makarantu huɗu in su ke akwai, amma a yi bana, a yi baɗi, a yi baɗin baɗaɗa.

Wasannin Afirka na gaba a Masar za a yi su a 2027, kuma duk mai hankali ya san Angola za ta je da shirinta. Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, domin sun cancanta, kuma sun ɗaga darajar matan Afirka a idon duniya. Ina kuma yi wa mutanen Akra godiya, na zango da na cikin gari, bisa karamcin da suka nuna wa baƙi. Allah Ya saka musu, Ya ba mu zaman lafiya irin nasu, Ya kuma ba mu juriyar riƙe abu mai kyau shekara da shekaru har ya yi 'ya'ya.